Idan Injin Ya Kuɓuce, Ku Bar Shi Ya Faɗi

 

Makon jiya ina zaune wajen mai shayi a bakin Kasuwar Libiya, nan yammacin Umdurman, sai ga wata a-kori-kura, wadda mutanen nan ke ce wa boksi, ta wuce ɗauke da injin niƙa a tsaye. Igiya ɗaya tak aka ɗaure shi da ita, ga yara biyu zaune a gindinsa sun rungume shi, wai kada ya faɗi. Wallahi sai da na ajiye kofin shayin, don abin ya tuna mini da nawa laifin.

Irin wannan gani ya yawaita yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kasuwar nan ta watse, sai bayan da sojoji suka karɓe ta a ƙarshen Maris 2025 mutane suka fara dawowa. Da yawa sun tarar an wawushe shagunansu, wasu ma an ƙone. Saboda haka tela da mai walda da kafinta da mai niƙa, kowa ya mayar da sana'arsa tsakar gida. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana nufin ƙarfe mai nauyi zai shiga ta ƙofar da aka yi don mutane, ya ratsa inda yara ke wasa.

Ga abin da ya faru da ni. A shekarar 2018 na saya wa uwargida injin markaɗa gyaɗa, don tana yin dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗar da 'yan Sudan ke zubawa a salak, tana ba masu kanti sari. Injin da ƙafafunsa da komai ya kai kilo 200, nauyin buhu huɗu na sukari ke nan. 'Yan dakon kasuwa, da ake kira attala, suka faɗi kuɗin da za su bi ni har gida a Umbadda su sauke. Na ga ya yi yawa. Halin ɗan kasuwa ya motsa, na ce su loda kawai, ai ina da samari a gida. Muka isa dab da magariba, direba na ta danna hon yana sauri. Muka jingina wani tsohon ƙyaure a bayan mota muka fara zuro injin a kai. Mu biyar ne, kowa na ba da umarni. Yana zuwa tsakiya ƙyauren ya goce. Ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 19, yana daga ƙasa, sai ya sa hannu biyu zai tare shi. Injin ya bi ta kansa ya sauka a ƙwaurinsa.

Karaya biyu ya samu. Wata huɗu yana kwance, har yau kuma yana ɗingishi. Kuɗin magani ya ninka abin da na hana attala sau da yawan da ba na son lissafawa. Injin kuwa ɗan lanƙwasa ya yi a gefe, makaniki ya miƙe shi da guduma washegari. Abin da ya fi ci mini rai, da uwar yaron ta zo ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, ƙaddara ce." Na san ƙaddara ce, amma na san kuma wanda ya yi rowar.

Bayan nan na nemi wani dattijon attali da ya tsufa a aikin, na ba shi labari. Ya saurara, sannan ya ce, "Alhaji, mu ba ɗaukar ƙarfe muke yi ba, lallaba shi muke yi. Kuma in ya ce zai tafi, hanya muke ba shi." Abin da zan faɗa muku a ƙasa, yawancinsa daga bakinsa na koya, saura kuma daga abin da na karanta.

Aikin sauke injin yana farawa ne tun kafin ka biya kuɗinsa. Ka nemi nauyinsa, yawanci yana rubuce a ɗan farantin ƙarfe da ke jikinsa. Ka auna faɗinsa da tsayinsa, ka koma gida ka auna ƙofar waje da dokin ƙofa da duk lungun da zai bi. Gidajenmu na nan ana ɗaga musu dokin ƙofa saboda ruwan damina, kuma a nan ne injin ya fi maƙalewa. Ka taka hanyar da ƙafarka tun daga titi har inda zai zauna. Ina ramin masai yake? Ina bututun ruwa ya bi? Murfin da ke ɗaukar mutum ɗaya kullum ba lallai ya ɗauki injin da mutum huɗu lokaci guda ba. Ka kuma karɓi rasit, domin kayan ganima sun yi yawa a gari, kuma injin da aka sa ka mayar, sau biyu za ka sha wahalar ɗaukarsa.

Na biyu, duk abin da ke kwancuwa a kwance shi. Mazurari daban, bel daban, injin wutar da ke juya shi daban, ƙafafu daban. Keken ɗinki na masana'anta ma a cire kan daga teburin, a juye man da ke cikin tirensa. Janareto a zuƙe masa fetur. Galibin waɗannan injuna nauyinsu a sama yake, ƙafafunsu kuma a matse, shi ya sa ɗan karkata kaɗan ke kifar da su. A mota, a sa mafi nauyi a ƙasa, jingine da bayan direba, a ɗaure ta kusurwa huɗu. Kada kowa ya zauna a baya tare da shi. In direba ya taka birki a rami, hannun yaro ba zai tsayar da kilo 200 ba.

Na uku, kada a ɗaga abin da za a iya turawa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, masana lafiyar ma'aikata a Amurka ma kilo 23 suka tsayar ga mai ɗagawa daga wuri mai sauƙi. Kada ka yaudari kanka da lissafin mu biyar ne, kowa kilo 40. Da an karkata a kan dokin ƙofa, rabin nauyin na iya komawa kan mutum ɗaya. Abin da ake yi shi ne a samo katako masu kauri guda biyu, a ɗaure kawunansu a jikin mota don kada su goce kamar ƙyaurena, a tokare tsakiyarsu da bulo. Tsawon katakon shi ne sirrin. Bayan boksi yakan kai kamar santimita 80 daga ƙasa. Da katako mai mita 3, injin mai kilo 200 zai ja masu riƙe da igiya da ƙarfin da bai fi kilo 53 ba. In katakon mita ɗaya da rabi ne, jan ya ninka. Masu igiya su tsaya daga sama, su naɗa ta a ƙarfen mota suna saki kaɗan-kaɗan, kada wani ya naɗa ta a hannunsa. Motar kuma a kashe ta, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu. In ya sauka, a shimfiɗa katako a kan yashi, a jera gutsattsarin bututun ƙarfe uku ko huɗu a ƙarƙashinsa, a riƙa gangara shi ana ɗauko na baya ana mayarwa gaba. In ana son ɗaga gefe, da dogon ƙarfe za a ɗaga a cusa katako. Yatsa ba ya shiga ƙarƙashi.

Wasu kan aro sarƙar ɗaga injin wajen makanikai. Tana da kyau, kuma nauyin da take ɗauka a rubuce yake a jikinta. Amma azarar rumfar gidanka, wato rakuba, babu abin da aka rubuta a jikinta, inuwa aka yi ta ta ɗauka. A aro sarƙar tare da ƙafafunta uku na ƙarfe, ko a haƙura.

Na huɗu shi ne mutane. A yi aikin da sassafe, ido na gani, rana ba ta gasa ƙarfe ba. A cire jallabiya da rawani, don hannun riga na kama ƙugiya. A sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. Uwargida ta tattara yara a ɗaki ta rufe, har da na maƙwabta masu zuwa kallo. Mutum ɗaya ne zai ba da umarni, shi kuma ba ya riƙe komai, ido ne aikinsa. Kowa na da ikon cewa a tsaya, amma shi kaɗai ke cewa a ci gaba. Kada kowa ya tsaya a ƙasan gangara ko tsakanin injin da bango. Kuma kafin a taɓa komai, maigida ya tara su ya faɗa da bakinsa: in ya kuɓuce, kowa ya yi tsalle baya, ni na yafe. Wannan maganar sai daga bakin mai kaya, domin yaro yana tare injin ne don tsoron asarar kawunsa. Da na faɗi haka a 2018, da ɗan ƙanwata na tafiya daidai. Ku tuna kuma asibitoci da yawa a Khartum da Umdurman ba su gama farfaɗowa ba, karayar yau ta fi ta da wuyar jinya.

Daga ƙarshe, ku biya attala haƙƙinsu, ku kuma ƙara musu mutum in sun ce aikin na mutum shida ne. Su ma masu iyali ne, kuma in bayan ɗan dako ya tafi, babu mai ba shi fansho. Araha ba ta ado, ni na gani a gidana.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a sana'a, ya zaunar da ƙasar nan lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.