Farashin hannun jari ba sirri ba ne: a fayyace wa ɗaliban Wudil iyakar doka

Farashin sa a kasuwar shanu ta Wudil ba ya kwana a ɓoye. Ranar Juma'a dillali ya sallama, mai saye ya biya, kafin la'asar labari ya kai Legas ta waya. Littafin da dillali ke rubutu a ciki nasa ne, amma babu wanda ya taɓa cewa adadin kuɗin da aka sayar da bijimi mallakar wani ne.

A kasuwar hannun jari lamarin ya sha bamban, kuma ya shafi Wudil kai tsaye, domin a nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take, wadda ta fara aiki a 2001 aka sauya mata suna a 2022. A ɗauka ɗalibin kwamfuta na son nazarin yadda farashin Dangote Cement ko MTN ko bankin Jaiz ya hau ya sauka cikin shekarun baya a kasuwar NGX. Ya tara kuɗi ya sayi bayanan, sai suka zo masa a tsarin da manhaja ɗaya ce ta san karatunsa. Idan ya zauna ya kwance fayil ɗin har ya gano yadda aka jera lambobin, ya rubuta tasa manhajar, ya yi laifi?

Tsarin MetaStock, manhajar da kamfanin Equis na Amurka ya fitar a 1985, shi ne sanannen misali. Akwai fayil mai suna MASTER da ke riƙe da jerin kamfanoni, kowane kamfani kuma da nasa: F1.DAT, F2.DAT, har zuwa 255 a tsohon tsarin. A ciki kwanan wata ne, da farashin buɗewa, da mafi tsada, da mafi araha, da na rufewa, da yawan hannun jarin da aka yi ciniki. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne an adana lambobin da wata tsohuwar hanyar Microsoft da aka daina yayi, don haka manhajar zamani sai ta karanto shirme. Ba kwaɗo aka sa ba. Rubutu ne da ba a koya maka ba, kamar a miƙa wa ɗan boko wasiƙar ajami.

Kotunan waje sun daɗe da taɓa wannan batu. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a shari'ar Feist haƙƙin mallaka ba ya hawa kan tsurar bayanai irin su suna da lambar waya. A 1992, a shari'ar Sega da Accolade, wata kotun ɗaukaka ƙara ta halatta kwance manhaja don a ƙera wadda za ta yi aiki tare da ita. Mafi kusa da batunmu ita ce ta ranar 2 ga Mayu, 2012, inda Kotun Tarayyar Turai ta yanke, tsakanin SAS Institute da World Programming, cewa kariyar da doka ta ba manhaja ba ta haɗa da tsarin fayil ɗin bayananta ba.

Sai dai kada ɗalibi ya yi saurin murna. Kamfanin World Programming ɗin nan da ya tsira a Turai, da aka kai shi kotu a Amurka an ci shi diyyar kusan dala miliyan 79, saboda saɓa yarjejeniyar lasisi da yaudara wajen samun manhajar. Wato haɗarin ya fi yawa a dogon rubutun nan da kowa ke danna wa "na amince" ba tare da ya karanta ba.

A gida, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta haramta karya makullin fasaha da aka sa don kare aikin wani. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma tana hukunta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Duka biyun suna da hujja. Wanda ya fasa manhaja don kada ya biya, ko ya kutsa rumbun NGX, ko ya sayi bayanai da kuɗin mutum ɗaya ya dinga sayarwa a WhatsApp, bai da abin cewa. NGX kamfani ne tun 2021, sayar da bayanai na cikin hanyoyin samun kuɗinsa, kuma tattara su aiki ne mai cin kuɗi.

Amma karanta fayil ɗin da ka biya, a kan kwamfutarka, wani abu ne daban. Ra'ayinmu shi ne bai kamata a lissafa shi da sata ba, kamar yadda ba a kama bakanike don ya kwance injin da mai shi ya kawo masa. Ƙasar da ke neman matasanta su ƙera manhaja ba za ta bar su suna tsoron leƙa cikin fayil ba. Kuma tsoron ba ya raba daidai: babban kamfani na da lauya, ɗalibin da ke haya a Wudil sai dai ya haƙura ya sauya batun bincikensa, ko ya yi a ɓoye ya kasa wallafawa.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya za ta iya rage wannan ruɗani da takardar jagora guda, da ke bambance karya makulli da karanta tsarin fayil, a kuma fassara ta da Hausa. Jami'ar Wudil ma tana da nata aikin: kafin wani sashe ya sayi bayanai, lauyanta ya karanta lasisin, ya nemi a cire sharaɗin da ya hana amfani da wata manhaja. Ita kuwa NGX, farashin shekarun baya ba shi ne dillalan hannun jari ke rububi ba, na yanzu-yanzu suke biya. Ta ba jami'o'i tsohon a tsarin CSV, wanda ko wayar hannu na buɗewa, da sharaɗin bincike kawai ban da sayarwa.