Araha Ba Ta Ado: Maganar Wayar Jan Wuta

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, aikin rani ya kama. A wannan lokaci ne ƙungiyoyinmu na gama kai suke jan wuta daga janareta zuwa famfon lambu, ko injin casa, ko wurin da ake ginin ma'aji. Akwai wani abu da muke gani kowace shekara wanda yake damunmu. Ƙungiya takan yi taro uku ko huɗu kafin ta sayi inji, amma wayar da za ta kai masa wuta, sai a aiki yaro kasuwa a ce ya sayo mai araha. A ganinmu wannan kuskure ne babba. Waya ma kayan aiki ce, ya kamata a zauna a kanta kamar yadda aka zauna a kan injin.

Ga dalili. Wuta a cikin waya kamar ruwa ne a cikin tiyo. In tiyo siriri ne, ga kuma tsawo, ruwan da zai kai bakin kwami ba shi da ƙarfi. Haka waya take. Mu ɗauki inji mai cin wat 2,300. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, ke nan injin yana jan amfiya 10. In aka ja masa waya mai tsawon mita 50 wadda aka rubuta 1.0 a jikinta, kusan bolt 20 za su ɓace a hanya. In mai lamba 2.5 ce, bolt 8 kawai za su ɓace. Abin da ya ɓace ɗin nan zafi yake zama a jikin wayar. Injin kuwa, da yake wuta ba ta ishe shi ba, sai ya yi ta nishi yana zafi har koyil ya ƙone. Daga nan sai a ɗora wa makanike laifi, ko a ce kamfani ne bai yi injin da kyau ba, alhali wayar ce ta kashe shi.

Saboda haka kafin a je kasuwa a karanta ɗan allon da ke jikin injin, a ga amfiya nawa yake ja. A tuna kuma inji yakan ja ninkin wannan sau da yawa a lokacin da yake tashi. Domin aikin fili kada a sayi ƙasa da 1.5, in kuwa nisa ya wuce mita 25, a nemi 2.5. A zaɓi mai rigar roba mai kauri, mai jijiya uku a ciki: ruwan ƙasa, shuɗiya, da mai launin kore da rawaya. Ta ukun nan ita ce wayar ƙasa, ita ce take kare ran mutum in wuta ta taɓa jikin inji. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi amfiya 13 ne iyakarsa, wato wajen wat 3,000. Babban injin walda da babban injin niƙa sun fi ƙarfinsa, sai mai gyaran wuta ya ja musu tasu wayar.

Kada kaurin roba ya ruɗe mu. Akwai wayoyi a kasuwa waɗanda cikinsu alminiyum ne aka shafa masa jan ƙarfe. A kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya fito, a mayar wa mai shago. A duba kuma ko tana da tambarin hukumar ingancin kaya ta ƙasa, wato SON.

Wani zai ce, "Kuɗin ƙungiya kaɗan ne, kuma shekara uku ke nan muna amfani da siririyar waya ba abin da ya faru." Mun ji, kuma mun san yadda ake shan wahala kafin a tara kuɗin. Amma a gwada kuɗin waya mai kyau da kuɗin naɗa koyil, a haɗa da tumatirin da zai bushe a kwanakin da famfo yake wurin gyara. Wannan lissafin dukiya ne kawai. In tartsatsi ya faɗa kan karan dawa ko buhunan masara a lokacin hunturu, ko mace ta taka tsirarar waya a jiƙaƙƙen wuri, wane lissafi za mu yi? Mukan ce tsautsayi ne. Amma waya da aka ɗaure da leda aka bari cikin laka, ba tsautsayi ba ne, sakaci ne.

Ko waya mai kyau ma tana bukatar lura. A warware ta duka kafin a tada inji, gama waya a naɗe tana tara zafi har robarta ta narke. Kada a yi ta haɗa gajeru uku ko huɗu, gara doguwa ɗaya. Kada a cusa tsirarar waya cikin soket a danne da tsinken ashana. In fis ya ƙone a sa irinsa, ba ƙusa ko takardar taba ba. A ɗaga mahaɗin waya daga ƙasa, nesa da ruwa. Inda amalanke da shanu suke wucewa, a rataye ta sama ko a sa ta cikin bututu. In da hali a sayi na'urar nan mai yanke wuta da kanta, wadda aka rubuta 30mA a jikinta, musamman domin famfo.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe janareta nan da nan, in ba a kusa yake ba a ture wayar da busasshiyar sanda, sa'an nan a kai mutumin asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. Gobarar lantarki kuwa, a yanke wuta tukuna, a zuba yashi, ba ruwa ba.

Ga roƙonmu. A taro na gaba kowace ƙungiya ta kawo wayoyinta tsakar fili a warware su a gaban kowa. Wadda ɓera ya ci ko ta tsattsage a yar da ita. A rubuta sabuwar a littafin kayan ƙungiya, a kuma zaɓi mutum ɗaya wanda zai riƙa duba ta kafin aiki, ya naɗe ta bayan aiki. Rigakafi ya fi magani.