Allon roba ya fi allon LiveScope amfani a kamun kifin walleye

A Tafkin Erie, tsakanin Amurka da Kanada, jirgin masu kamun kifin walleye yakan ɗauki allo iri biyu. Ɗaya yana cin batir, yana nuna hoton kifi a ƙarƙashin ruwa kai tsaye, kuma idan aka haɗa shi da na'urarsa kuɗinsa kan wuce dala 2,000. Ɗayan guntun roba ne mai launin ruwan ɗorawa ko ja, tsawonsa bai wuce tafin hannu biyu ba, babu batir babu manhaja, kuɗinsa bai kai dala 100 ba. Turawa na kiransa planer board. Duk hayaniyar YouTube a kan na farkon take, amma na biyun ne ya warware ainihin matsalar.

Matsalar ita ce kifin kansa. Idon walleye yana da wani sashe mai mayar da haske irin na idon kyanwa, don haka yana gani sosai cikin duhu, ba ya son haske mai ƙarfi, ga shi da saurin razana. Erie kuma shi ne mafi ƙarancin zurfi cikin manyan tafkunan yankin guda biyar. Ɓangarensa na yamma, wajen garin Port Clinton na jihar Ohayo, zurfinsa a matsakaici bai wuce mita 7 zuwa 8 ba. Jirgi mai inji ya bi ta kan garken kifi a irin wannan ruwa, sai su watse dama da hagu. Wanda ke jan ƙugiyarsa daidai bayan jirgi yana jan ta ne a layin da kifi ya riga ya bari.

Allon robar yana bin kifin ne zuwa inda ya gudu. Mai fatsa zai saki koton roba da zare gwargwadon tsawon da yake so, sannan ya maƙala allon a jikin zaren ya jefa ruwa. An yanke gaban allon a karkace, an sa masa nauyi a ƙasa don ya tsaya a kan gefensa. Da jirgi ya fara tafiya a hankali, kamar kilomita 2 zuwa 3 a awa, ruwa sai ya riƙa tura shi waje, kamar yadda iska ke ture hannun da aka miƙa ta tagar mota. Haka yake jan koton har mita 30 ko fiye daga gefen jirgi. Idan kifi ya kama, allon sai ya ja baya ya fita daga sahun 'yan'uwansa. Kamfanin Off Shore Tackle ma ya yi wata 'yar tuta da ke kwantawa idan an ja zaren. Sanarwar ke nan gaba ɗaya, kuma ba ta taɓa jiran sabis.

Abin da zai burge duk mai rubuta manhaja shi ne gwajin da allon ke bayarwa. Mutum uku a jirgi suna iya shimfiɗa zaruruwa uku a dama, uku a hagu, ba tare da sun sarƙe ba. Kowane zare da zurfinsa da launin kotonsa. Wanda ya fara kamawa sau biyu ko uku, sai a mayar da sauran irinsa. Ko juya jirgi ma bayani ne: zaruruwan waje suna ƙara gudu, na ciki suna ragewa, don haka gefen da ya kama lokacin kwana ya faɗi gudun da kifi ke so ranar. Wayar hannu tana da gurbinta a nan. Manhajar Precision Trolling Data tana nuna tsawon zaren da za a saki don wani koto ya nutse zuwa wani zurfi, abin da a da sai an buɗe littafi.

Ba a ce na'urar hangen kifi ba ta aiki. Tun da Garmin ya fito da LiveScope a 2018, wanda ke jefa ƙugiya ga kifi ɗaya yana iya kallon yadda kifin ke bin kotonsa. Tana aiki har ta jawo rigima: a gasannin kamun kifin bass a Amurka, Bassmaster ya taƙaita amfani da ita daga 2025, wata gasar kuma, National Professional Fishing League, ta hana ta gaba ɗaya. Koken da ake yi shi ne gasa ta koma ta mai kuɗi, kuma matasa suna tashi sun iya karanta allo amma ba su iya karanta iska da launin ruwa ba.

Ga mai jan fatsa a faɗin Erie, na'urar za ta nuna masa kifi na nan, amma injin jirginsa zai kore su duk da haka. Kuma dokar Ohayo ba ta duba tsadar kayan mutum: walleye 6 ne a rana ga kowane mai fatsa, kowanne kada ya gaza inci 15. Wanda ya zuba dubban daloli da wanda ya sayi allunan roba huɗu da manhajar waya, a kifi na shida dukansu za su naɗe zare su nufi gaɓa.