Macen da ke jikin kwalin mai

A shekarun 1940 wani mai zane ɗan ƙasar Peru, Alberto Vargas, ya riƙa zana wa mujallar Esquire ta Amurka 'yan mata: ƙafafu zara-zara, ƙugu kamar zai tsinke, fata sumul ko ƙurji babu. Sojojin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu suna yanke hotunan su liƙa a bango. Shi kuwa Gil Elvgren, mai zana wa kamfanin Brown & Bigelow kalanda, hoton mace ta gaske yake ɗauka, sannan ya sa buroshi ya ƙara mata tsawon ƙafa, ya rage ciki. Ita kanta mai hoton ba ta kai hoton nata kyau ba.

Mu a Damagaram, ta Indiya abin ya biyo mana. Nargis ta fim ɗin Mother India na 1957, daga baya Hema Malini, su suka mamaye bangon shagon tela da teburin mai shayi. Da littattafan soyayya na Kano suka shigo a shekarun 1990, yarinyar da ke bangonsu Bahaushiya ce a suna kawai: fara sol, dogon hanci, dara-daran idanu. Alhali kakanninmu a unguwannin Birni da Zango kyau a wurinsu kitso ne, da lalle, da kwalli, da wushirya, da haƙoran da suka sha fure da goro.

Yau a shiga Kasuwar Dole, a duba kwalayen man shafawa. Macen da ke jiki kwamfuta ce ta wanke ta, aikin Elvgren ba tare da buroshi ba. Masu wa'azi sun fi tayar da jijiyar wuya kan tsiraici, kuma ban ce sun yi laifi ba. Sai dai wannan hoton ko an lulluɓe shi da hijabi ɓarnarsa tana nan, don launi yake sayarwa. Da yawa daga mayukan bilicin akwai sinadarin haidirokwinon, ko makuri mai taɓa ƙoda. Fata ta yi laushi kamar leda, nankarwa ta fito, fuska fara amma gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri.

Samarin majalisa ne kan gaba wajen yi wa 'yar bilicin dariya idan ta wuce. Su ɗin ne dai, ranar da gwaggo ta ce ta samo musu mata, kafin su tambayi 'yar gidan wa ce sai sun tambaya ko fara ce.