Shawara ga mai gida: kamin a sayi kwamfuta ta tebur

Duk shekara, in ƴan cin rani sunka komo Kurfai da ɗan abin hannunsu, akwai kayan da ake marmarin saye. Da can rediyo ne da keke, daga baya babur da salula. Yanzu a Filinge akwai masu gida da ke tambayar kwamfuta, wadda ɗiyan lakwal ke ce ma ordinater. Wani don ɗiyanshi masu karatu, wani don lissafin shago, wani don takardun ƙungiya. Niyya ce mai kyau. Amma kuɗin da nauyi, sau da yawa sai an saida dabba.

Kwamfuta ta tebur kashi huɗu ce: akwati, da allon kallo, da allon haruffa, da ɗan ɓeran da ake ja da hannu. Tana da sauƙin gyara, don in kashi guda ya lalace shi kaɗai za a canza. Kuma yaro ba ya ɗaukarta ya tafi yawo da ita. Sai dai ba ta da batir a cikinta. In kuran ya ɗauke sai ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya ɓace.

Don haka tambaya ta farko ta kuran ce. Mai gidan da ke da kwantar ta Nigelec shina iya saye, amma ya haɗa da abu biyu. Na ɗaya regilater, mai daidaita kuran in ya yi sama ko ƙasa. Na biyu onduler, ƙaramin akwati mai batir, wanda ke riƙe kwamfuta mintoci kaɗan har a adana aiki a kashe ta. Kada a ce wanga ɓarnar kuɗi ce. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke kuran da take saida ma Nijar, har Yamai ta sha duhu.

Mutumin Shikal ko Luma ko Tukunus da ke aiki da fano na rana, nashi lissafi daban ne. Akwati da allon kallo suna iya cin wat 150. Batir mai bolt 12 da amper 100 yana riƙe abin da zai ba da wat 1200 na awa guda, kuma irin mai dalma ba a son a sha fiye da rabinshi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan. A raba 600 da 150, an samu awa 4. Kuma ba a kunna fitila ba, ba a yi cajin salula ko guda ba, ga kuɗin na'urar da ke maida bolt 12 zuwa 220. Kwamfuta ta hannu ba ta cika wuce wat 60 ba, kuma da batir ɗinta. Ga mai fano guda, ita ce ta fi.

In an tsaida shawara, sai tafiya Yamai, kamar kilomita 180. Yawancin abin da aljihun talaka ke iya kai ma okaziyo ne, wanda anka yi aiki da shi a ofisoshin Turai, irin su HP da Dell da Lenovo. Okaziyo ba aibi ba ne, amma a yi hattara da wadda ta tsufa ƙwarai. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin akwatuna da yawa ba su ɗaukar Windows 11. A tambayi mai kanti a fili. A nemi RAM mai giga 8, da ma'ajiya irin SSD mai giga 256 ko fiye. SSD ba ta da abin da ke juyawa ciki, ta fi sauri, ta fi jure girgizar mota.

Kada a biya sai an kunna ta gaban mai saye, an bar ta rabin awa. In fankar ciki na ƙara, ko ta mutu da kanta, a bar musu kayansu. A karɓi rasit mai lambar akwatin. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta rasit ɗin da kanshi kamin ya tashi.

A duba allon haruffa kuma. Wanda ya zo ta Najeriya da Q yake farawa, na Faransa da A, kuma shi ne ya fi ma ɗan lakwal sauƙin rubuta Faransanci. Dukansu ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sai an sa ma kwamfuta tsarin haruffan Hausa, wanda ake samu kyauta a intanet. Gara a sa mai kanti ya yi wanga aiki tun can, a gwada rubuta ƙasa da ɗiya a gani.

A gida, ƙura da zafi su ne abokan gaba. Kada a aje akwati a ƙasa, a ɗora shi bisa tebur, nesa da bango kaɗan don ya sha iska. In an gama aiki a rufe shi da zane, amma ba lokacin da yake kunne ba. A watan Afrilu da Mayu a yi aikin da safe ko da dare. Bayan hunturu a cire kuran, a buɗe akwatin, a hure ƙurar da famfon keke.