RA'AYINMU: Ba Kowace Baƙar Magana Ce Tsanani Ba



Akwai wani koke da ba ya ƙarewa a taron zumuntar mata da na matasa, har ma da zaman dattawan ikilisiya, wato rashin ladabi da cin fuskar da mutanenmu suke gamuwa da shi in sun shiga birnin Zariya yin cefane ko wata hidima ta yau da kullum. Wata takan ce ta daɗe a layin yankar kati a asibiti, wani ya zo daga baya ya ratsa gabanta, da ta yi magana ya ce ta yi abin da za ta yi. Wani yakan ce kuɗin Babban Dodo ya biya, amma mai Keke ya ajiye shi a Ƙofar Doka ya hana shi canji. Wata kuma mahauci ne ya yi kamar bai gan ta ba, har ya sallami mutum uku da suka zo bayanta. Ga dattijon da ɗan acaɓa ya fantsama wa ruwan kwata ya wuce ko waiwaye babu. Kusan kullum da magana ɗaya labarin yake ƙarewa: "Ai don sun ga ni Kirista ne."

Ba mu raina ɓacin ran kowa ba, domin wulaƙanci yana da ciwo, kuma wanda aka yi wa shi ne ya san zafinsa. Amma ra'ayin wannan mujalla shi ne, mu yi hattara da wannan magana ta ƙarshe. Wani lokaci gaskiya ce. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Wajibi ne mai bi ya iya rarrabe tsakanin tsanani saboda sunan Almasihu da rashin tarbiyyar da yake taɓa kowa da kowa, gama rashin wannan rarrabewa yana jawo mana hasara babba.

Duk mai shakka ya tambayi maƙwabcinsa Musulmi. Zai ji cewa Hajiya mai hijabi har ƙasa ita ma ana ratsa gabanta a layi, Malam mai rawani shi ma yaron mota yakan faɗa masa baƙar magana a kan naira hamsin. Malamansu suna wa'azi a kan lalacewar tarbiyya kamar yadda fastocinmu suke yi. Wanda bai ga girman furfurar da ke cikin gidansu ba, ba zai ga girman tamu ba, kuma ba ya tsayawa tambayar addinin mutum kafin ya ture shi.

Sa'an nan mu dubi halin da jama'a suke ciki. A farkon shekarar 2023 da aka sauya takardun naira, kuɗi suka yi wuya, mutane suka riƙa wuni a ƙofar banki da gaban masu POS domin karɓar abin da bai kai na cefanen kwana biyu ba. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka janye tallafin mai, kuɗin mota da na hatsi suka tashi. Mai Keken da yake faɗa a kan canji, wataƙila bai haɗa balas ɗin mai abin hawa ba, rana kuwa ta yi. Ƙari ga haka, lungunan cikin ganuwa domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki aka yi su, yanzu kuwa babur da Keke da mota da baro duk a ciki suke kokawa. Wannan bai wanke mai rashin kunya ba. Amma ya nuna mana cewa yunwa da gaggawa da cunkoso su ne suke magana a bakin mutane da yawa.

Hasara ta farko da muke tsoro ita ce wuta. Mu mutanen Jihar Kaduna ba ma bukatar a ba mu labari. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ta iso nan Zariya, aka ƙone majami'u masu yawa. Rikicin Zangon Kataf na 1992 daga gardamar sauya wa kasuwa wuri ya faro. A watan Oktoba na 2018, a Kasuwan Magani, rahotannin lokacin sun ce daga saɓanin masu turin baro abin ya tashi, 'yan sanda kuma suka ce mutum 55 ne suka rasa rayukansu. A ƙasa irin tamu, da zarar an sa wa faɗan mutum biyu rigar addini, ya fi ƙarfin waɗanda suka fara shi. Wanda ya ɗaga murya a tsakiyar kasuwa yana cewa an taɓa shi don addininsa, ko ya koma gida ya baza a WhatsApp da ƙarin gishiri, bai san inda maganar za ta kwana ba. Magana zarar bunu ce. Kuma in abu ya ɓaci, ƙananan ikilisiyoyi irin namu su ne suke fara ɗanɗanawa.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A 1 Sama'ila sura 25, Dauda ya aiki samarinsa wurin Nabal da gaisuwa da roƙon abinci, Nabal ya mayar musu da cin mutunci. Dauda ya fusata ya ɗebi mutum wajen 400 da takubba, saura kaɗan a hallaka gida guda saboda bakin mutum ɗaya, ba domin Abigail ta tare shi a hanya da guzuri da magana mai sanyi ba. Daga baya Dauda da kansa ya gode wa Allah da aka hana shi zub da jini. A Luka sura 9 kuma, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Ubangiji Yesu don ya nufi Urushalima. A nan kam ƙiyayyar ta addini ce, babu tantama. Duk da haka da Yakubu da Yohanna suka nemi a kira wuta daga sama, tsawata musu ya yi, suka wuce wani ƙauye.

Hasara ta biyu ba ta da ƙara, amma tana cin mu a hankali, wato janye jiki. Gidaje da yawa sun daina shiga birni gaba ɗaya, komai sai Sabon Gari ko Samaru. Akwai 'ya'yanmu da aka haifa a nan, sun girma a nan, amma ba su taɓa ratsa Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Gayan ba, domin abin da suke ji kullum a gida shi ne can ba a son mu. Ya kamata mu tuna musu cewa mu ba baƙi ba ne. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a cikin ganuwar Zariya ya zauna tun daga 1905, a can ya yi makaranta da ba da magani, kafin aikin ya koma Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wato harshen da ake ciniki da shi a kasuwar birni. Daga wannan tushe aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Waɗannan iyaye ba a ɓoye suka zauna ba. Sun yi hulɗa da kowa, an san su, an kuma ga girmansu. In muka bar fitsarar wani yaro ta kore mu daga kasuwar kakanninmu, to, wa zai san mu? Wanda ba a sani ba kuwa, shi ne ake saurin gaskata kowace ƙarya a kansa.

Ba muna cewa babu wariya ba. Akwai ta. Mun san akwai inda fuska takan canza da zarar an ji suna Bulus ko Rifkatu. Mun san zafin a kira mutum arne a gaban 'ya'yansa, ko a tambayi Bahaushe mai bi wai shi wane irin Bahaushe ne. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Irin wannan ba mu ce a haɗiye a yi shiru ba. Manzo Bulus da aka yi wa dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, da mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ƙi ya yi, ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma har sai da suka zo da kansu suka ba shi haƙuri, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 16. Amma mu lura, ga masu iko ya kai maganarsa, bai tara jama'a a titi ba. Haka mu ma. Kasuwa tana da sarkinta, masu Keke da 'yan acaɓa suna da shugabanni a tasha, asibiti yana da hukuma, unguwa tana da mai unguwa, sama da shi ga dagaci da hakimi har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. A 2017 ma an kafa Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna. Wanda aka ci wa mutunci saboda bangaskiyarsa ya riƙe rana da wuri da lambar abin hawa in akwai, ya kawo wa fasto ko dattawa, su kuma su bi ta hannun shugabannin CAN su kai inda ya dace. Muna roƙon dattawa kada su riƙa danne irin wannan ƙara, domin matashin da ya ga manya ba su yi komai ba, shi ne gobe yake ɗaukar mataki da hannunsa.

Yanzu kuma sai mu juyo cikin gida, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai matasanmu da sukan tsaya a kan tsohuwa mai sayar da kuka da kuɓewa, babu ina wuni, babu yaya kasuwa, sai "nawa ne wannan?" Akwai masu juya harshe zuwa Turanci a gaban mai tireda domin ya san sun yi boko. Akwai masu taya kaya da wulaƙanci har mai kaya ya ji kamar an zage shi. Ranar Lahadi mukan tare ƙofar gidan maƙwabci da mota, daren addu'a kuma mu saki lasifika har asuba, alhali akwai marar lafiya da jariri a bayan katanga. Su ma waɗannan mutane sukan koma gida su ce, "Ka ga halin Kiristan nan." Inda muke 'yan kaɗan, kowane ɗayanmu ikilisiya ce sukutum a idon mai kallo. Mutane da yawa a cikin birni ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azi ba, abin da suka gani a wurinmu a bakin injin niƙa da layin gidan mai shi ne iyakar bisharar da za su karanta.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Na farko, mu riga kowa gaisuwa. Baba, Mama, Malam, Hajiya, ƙanena, ɗana: waɗannan kalmomi ba a sayen su da kuɗi, amma suna buɗe ƙofar da faɗa ba ya buɗewa. Na biyu, mu san garin da muke ciki. Birnin Zariya gari ne mai kunya da al'ada, shigar mutunci da mayafi ba su rage wa bangaskiyar kowa komai. Ranar Juma'a da tsakar rana hanyoyin da ke kusa da masallatai sukan cika, da yammacin azumi kuma kowa yana sauri ya kai gida shan ruwa, mai hikima sai ya tsara cefanensa kafin lokacin. Na uku, in an tsallake maka layi, ka yi magana sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, ka bar na kusa su zama shaida. Sau da yawa za ka ga Musulmin da ke bayanka ne zai fara cewa, "Haba Malam, ai ta riga ka." Irin wannan mutum ka gode masa, ka kuma ba da labarinsa a gida kamar yadda kake ba da labarin wanda ya ɓata maka rai, domin yara su ji duka biyun. Na huɗu, iyaye su riƙa shiga birni da 'ya'yansu, su nuna musu ganuwa da ƙofofi da fada, su sami mahaucinsu da mai hatsinsu da za su saba da shi. Sabo yana kashe raini. Na biyar, muna kira ga fastoci da malaman makarantar Lahadi su sa ladabin kasuwa da na hanya cikin koyarwarsu, kamar yadda suke koyar da baiko da zuwa sujada.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. Muddin muna cin kasuwa ɗaya, muna hawa Keke ɗaya, muna bin layi ɗaya, za a taka ƙafar wani. Abin da yake hannunmu shi ne amsar da za mu bayar, da sunan da za mu sa wa abin da ya faru. Mu kira rashin kunya rashin kunya, mu gafarta mu wuce. Mu kira wariya wariya, mu kai ta gaban masu iko cikin natsuwa. Kada mu haɗa su wuri ɗaya.

Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabewa, ya tsare bakinmu, ya ba birnin Zariya da kewayenta salama. Amin.