A Duba Tafin Hannun Yaron Kafin a Miƙa Masa Magani

A shekarar 2018 an yi manyan bincike guda biyu kan lafiyar 'yan Najeriya, kuma kowanne ya faɗi wani abu game da Jigawa. Na farko, wanda ake kira NAIIS, ya auna yaɗuwar ƙwayar HIV, ya kuma sanya Jigawa da Katsina a can ƙasan jerin jihohi: kimanin mutum 3 cikin 1,000 na manya, alhali a ƙasa baki ɗaya an sami 14 cikin 1,000. Wannan abin a gode wa Allah ne. Na biyun, wato NDHS, ya gwada jinin yara 'yan wata 6 zuwa 59, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na yaran ƙasar nan suna da ƙarancin jini. A Jigawa abin ya haura kashi 80.

Idan ka haɗa waɗannan alƙaluma biyu, za ka ga halin da yaro mai shan maganin HIV yake ciki a Ɗanzomo, ko a wani ƙauye na Gagarawa ko Maigatari. Irinsa ba su da yawa, saboda haka iyayensa suna ɓoye shi ƙwarai, don babu maƙwabcin da suka san yana cikin irin halinsu. Kuma yana zaune cikin yaran da mafi yawansu jininsu bai kai ba, saboda haka idan ya yi fari, ya daina wasa, ba wanda zai ga abin mamaki. Sai a ce zafi ne, ko haƙori, ko dama can haka yake, ba shi da kuzari. Ra'ayina shi ne, mun yi nisa wajen kai wa waɗannan yara magani, amma mun bar jininsu a baya, kuma gyaran bai fi ƙarfinmu ba.

Jini a ɓargo ake yin sa. Jajayen ƙwayoyinsa suna ɗauke da wani sinadari, himogulobin, wanda ke kai iskar da muka shaƙa zuwa ko'ina a jiki. A ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da himogulobin ɗinsa bai kai giram 11 a desilita ba yana da ƙarancin jini, idan kuwa ya sauka ƙasa da 7 to abin ya yi tsanani. A asibitocinmu an fi jin ana cewa "a je a yi PCV", kuma duk hanyar guda ce. Yaron da jininsa ya yi ƙasa sosai zuciyarsa ce ke biyan bashin: tana bugawa da sauri don ta cike giɓin, har ta gaji. Shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai warke a kwana uku yake iya tafiya da shi a dare ɗaya.

Ita kanta ƙwayar HIV tana danne ɓargo, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka da gudawa mai naci, waɗanda su ma suna cin jini. Sai ka ɗora abin da kowane yaro a ƙasar Gumel yake fama da shi. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma ya fi ƙamari ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba. Tsutsar ciki da tsargiya suna tsotse jini a hankali. Ga sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Ga kuma tamowa, a jihar da binciken 2018 ya nuna kusan biyu cikin kowane yara uku ba su kai tsawon shekarunsu ba. Yaro ɗaya na iya ɗauke da uku ko huɗu daga cikin waɗannan a lokaci guda.

Sai maganin kansa. Zidovudine, wanda aka fi sani da AZT, shi ne maganin HIV na farko da aka amince da shi a Amurka a 1987, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Aibinsa sananne ne tun farko: yana rage aikin ɓargo, musamman a watannin farko na shan sa, shi ya sa ba a fara shi ga yaron da jininsa ya yi ƙasa sosai. Shekaru da dama shi ne ginshiƙin maganin yara a Afirka. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin abacavir da lamivudine da dolutegravir, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓi ƙwayar dolutegravir ta ƙananan yara a 2021, wadda ake narkarwa a ruwa, ana iya ba jariri ɗan mako 4 da ya kai kilo 3. Wannan babban ci gaba ne. Sai dai AZT bai tafi ba. Har yanzu ana ba da shi ga jaririn da aka haifa cikin babban haɗarin kamuwa, ana kuma komawa gare shi idan maganin farko ya daina aiki. Haka Septrin, wanda ake ba waɗannan yara kullum don kare su daga ciwon huhu da wasu cututtuka, shi ma yakan taɓa jinin wasu.

Kada wata uwa ta karanta wannan ta ce to bari ta dakatar da maganin. Wannan ita ce babbar asara. Jaririn da ya kamu ba a sa shi a magani ba, kusan rabin irinsa ba sa kaiwa shekara 2. Kuma abin da likitoci suka sha gani shi ne, mafi yawan yara jininsu ƙaruwa yake yi bayan sun fara magani, domin an danne ƙwayar da ke cin su. Idan magani ne ya rage jini, likita zai sauya shi da wani. Ba a gida ake yanke wannan hukunci ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne inda taimako na gaskiya yake zama illa saboda ɓoyo. Misali na farko, maganin rigakafin zazzaɓi na damina. Kowa a arewacin Jigawa ya san matan nan da ke bin gida gida wata wata, da katinsu da allinsu na rubutu a bango, suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani. Aiki ne mai kyau da ya rage mutuwar yara. Amma ƙa'idarsa ta ce ba a ba yaron da ke shan Septrin, domin ɗaya daga cikin ƙwayoyin dangin Septrin ne, haɗa su na ƙara haɗarin illa ga jini da fata. To a ina ake yin tambayar? A tsakar gida, ga uwar miji a kan tabarma, ga abokiyar zama tana tankaɗe, ga yaran maƙwabta sun yi layi.

"Maman yara, akwai wanda ke shan wani magani a cikinsu?"

"Babu, Malama."

Me kake so ta ce? Kwalbar tana can ƙarƙashin kaya a cikin ɗaki, ba wanda ya san da ita sai ita da maigidan, wani lokaci ma sai ita kaɗai. Idan ta hana a ba ɗanta, za a tambaye ta dalili. Sai ta miƙa shi.

Misali na biyu, maganin ƙarin jini na kyamis. Da an ga yaro ya yi fari, kaka ko goggo za ta aika a sayo kwalbar nan mai jan ruwa, wani kuma ya kawo lemon malt da madara. Niyya mai kyau ce. Sai dai sinadarin ƙarfe da na kalsiyam da ke cikin irin waɗannan magunguna suna kama dolutegravir a cikin hanji su hana shi shiga jini yadda ya kamata, idan an sha su tare ba da abinci ba. Ƙa'idar ita ce a sha su tare da abinci, ko a ba da dolutegravir awa 2 kafin maganin jinin, ko awa 6 bayansa. Uwar da ba a gaya mata wannan ba tana iya raunana maganin ɗanta da hannunta, tana ganin gyara take yi. Ban da haka, ba kowane ƙarancin jini ne na rashin sinadarin ƙarfe ba. Idan sikila ce, ko zazzaɓi, ko ɓargo ne ya gaza, kwalba goma ba za ta yi komai ba sai ɓata lokaci.

Lokacin da ya ɓace kuwa shi ke kai mu ga mataki mafi wuya. An ɗauko yaro a kan babur daga ƙauye, an iso babban asibitin Gumel, an gwada, an ce sai an ƙara masa jini, a nemo wanda zai bayar. A yawancin asibitocinmu dangi ne ke ba da jini. Uwar wannan yaron ba za ta iya ba, don ita ma tana ɗauke da ƙwayar. Uban ma ta yiwu ba zai iya ba, ko kuma yana gudun gwajin da ake yi wa mai bayarwa. A kira baffa ko kawu, shi kuma zai tambaya me ya hana iyayen. Leda ɗaya ta jini ta zama barazanar tonon asiri, yaro kuma yana kwance yana haki.

Wani mai ilimin abin zai iya cewa ai an yi bincike an gano ba dole ne a riƙa gwada jinin kowane yaro a kai a kai ba. Gaskiya ne. Binciken ARROW, da aka yi kan yara sama da 1,200 a Yuganda da Zimbabuwe aka buga a 2013, ya nuna ana iya ba yara maganin HIV lafiya ba tare da gwajin illar magani na yau da kullum ba. Amma a duba yadda aka yi shi: ma'aikatan lafiya suna ganin yaran a kai a kai, kuma duk lokacin da likita ya ga alamar da ta dame shi yana iya neman gwaji ya sami sakamako. Darasin da ke ciki shi ne ido mai lura da gwaji a kusa sun wadatar. Bai ce a miƙa wa uwa maganin wata uku ta taga ba tare da an ga yaron ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na farko, duk ranar karɓar magani a zo da yaron, a auna nauyinsa, a buɗe tafin hannunsa a kwatanta da na mahaifiyarsa, a ja fatar idonsa ta ƙasa a duba. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma yana cikin horon da ake ba ma'aikatan lafiya a matakin farko. A koya wa uwa ita ma: tafin hannu ya yi fari fat, numfashi sama sama, kumburin ƙafa ko fuska, kasala da ƙin cin abinci, to ba a kwana a gida.

Na biyu, 'yar na'urar gwajin himogulobin, wadda ke aiki da batir da ɗigon jini daga yatsa, ya kamata a same ta tare da kayan aikinta a kowane asibitin matakin farko na mazaɓa a Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari da Gumel. Ba don masu HIV kaɗai ba. Mai ciki na bukatarta, mai sikila na bukatarta, kuma idan kowa ake yi wa gwajin, babu wanda za a nuna da yatsa. Asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, irin wannan aiki aka yi shi domin sa. Dakatar da tallafin ƙetare da gwamnatin Amurka ta yi a farkon 2025 ya isa ya nuna mana cewa abin da za mu iya saya da kuɗinmu bai kamata mu jira wani ya kawo ba.

Na uku, hukumar JISACA mai yaƙi da HIV a Jigawa da masu shirin rigakafin zazzaɓi su zauna tebur ɗaya. Kafin damina, a asibiti a gaya wa kowace uwar da ɗanta ke shan Septrin a keɓe cewa ba ya shan na gida gida, a kuma ba ta amsar da za ta bayar ba tare da ta tona kanta ba, kamar "likita ya ce maganin ba ya karɓar sa". Su kuma masu rabo a koya musu su karɓi wannan amsa su wuce, ban da ƙarin tambaya a gaban jama'a. Yaron kuma a tabbatar yana kwana cikin gidan sauro, kuma da ya yi zazzaɓi a gwada shi a ranar.

Na huɗu, abinci. Ƙasar da ke noma wake da gyaɗa da riɗi, take da zogale da yakuwa da kuka, take kuma da kasuwar dabbobi irin ta Maigatari duk Alhamis, bai kamata 'ya'yanta su rasa abin gina jini ba. 'Yar hanta ko kifi ko ƙwai a mako, wake a kai a kai, ganye a miya, da lemo ko goba ko garin ƙwalba bayan abinci don jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa a nisanta shi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki ɗauka. Wannan magana ta magidanta ce, su ke riƙe da kuɗin cefane.

Na ƙarshe, jini. Matasanmu da ƙungiyoyin agaji da limamai su ɗauki ba da jini kyauta a matsayin sadaka ta yau da kullum, yadda za a sami jini a ajiye, kada rayuwar yaro ta rataya kan ko akwai ɗan'uwan da za a iya gaya wa gaskiya.

Ga iyaye mata kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba dole ne gari ya sani ba, amma ma'aikacin lafiyar da zai ba ɗanki magani dole ne ya san abin da yake sha, kuma dokar 2014 da ta hana nuna wariya ga masu HIV ta wajabta masa riƙe sirrinki. Mu kuma sauran jama'a mu tuna cewa bakinmu ne ya sa take ɓoyewa. Muddin muna yi wa mai wannan lalura kallon abin kunya, to muna da hannu a cikin kowane yaron da aka kai asibiti a makare.